Ta Wace Ƙofa Za Ta Fito?

Idan likitan mata ya ɗora hannu a marar mace ya ce mahaifarta ta kai mako ashirin, ba lalle ne albishir yake yi mata ba. Da ma'aunin juna biyu ake auna mahaifa, ko da babu ɗa a cikinta. Lafiyayyar mahaifa ba ta cika wuce giram 80 ba, tana can ɓoye cikin ƙugu, hannu ba ya jin ta ta saman ciki. In ta kai girman cikin mako 12, wato wajen giram 280, sai ta fara leƙowa saman ƙashin mara. A mako 20 tana daidai cibiya. Akwai wadda kan wuce nan har ta tokari haƙarƙari, a ɗora ta a sikeli bayan aiki a ga kilo uku, kilo biyar, wani lokaci ma fiye.

Abin da ya fi jawo wannan kumburi shi ne ƙarin mahaifa, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa faibirod. Dunƙulen nama ne mai tauri da ke tsirowa daga tsokar bangon mahaifa, wani lokaci guda ɗaya tilo, wani lokaci gommai, manya da ƙanana. Ba sankara ba ce, ba ya tsallakawa huhu ko hanta. Sai dai ya fi addabar baƙar fata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna kafin su kai shekara 50, fiye da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata sun yi shi, fararen kuwa kusan kashi 70, kuma na baƙaƙen ya fi fitowa da wuri. Da yawa suna da shi ba su sani ba har su koma ga Mahaliccinsu. Wadda ya dama kuwa ya dame ta ƙwarai: al'ada mai zuba da gudaji, kwana goma ba ta ɗauke ba, jiri da haki saboda jini ya ƙare, fitsari a kai a kai don an danne mafitsara, bayan gida da ƙyar. Akwai kuma adinomayosis, inda shimfiɗar cikin mahaifa ke kutsawa cikin tsoka, mahaifar ta kumbura gaba ɗaya, al'ada ta riƙa zuwa da azababben ciwo. A ƙasar Hausa sau da yawa mace kan shekara biyu ko uku ana ce mata ciki ne ya kwanta, ana ta jiƙe-jiƙen tayar da shi, kafin wani ya ce a je a yi hoto. Shi ya sa likitocin Kano da Zariya da Yamai suka saba da girman mahaifar da takwarorinsu na Turai ba safai suke gani ba.

Ba kowace irin wannan mahaifa ake cirewa ba, kuma likitan kirki ba ya fara da wuƙa. Akwai magungunan rage jini, akwai robar da ake sawa cikin mahaifa mai fitar da sinadari a hankali, akwai toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin ta wani siririn bututu, dabarar da likitocin Faransa suka bayyana a 1995. Mai neman haihuwa kuma ana iya ɓare mata ƙarin a ɗinke mahaifar a bar mata kayarta. Wanda ya fi kowa raya wannan aiki shi ne Victor Bonney na Landan, wanda aka cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari suna sababbin aure, ba su taɓa haihuwa ba, ya kuma yi sauran rayuwarsa yana nuna cewa ana iya ceto mahaifar. Amma ƙari yana dawowa, kuma ɓare shi kan zubar da jini wani lokaci fiye da cire mahaifar ɗungurungum. To idan mace ta gama haihuwa, ta sha ƙarin jini leda bayan leda, ta ce ta gaji, sai maganar cirewa ta taso. A nan ne gwanintar da nake son bayyanawa take farawa, tun ba a shiga ɗakin tiyata ba.

Wahalar aikin ba a mahaifar take ba, a maƙwabtanta take. Mafitsara na kwance a gabanta, manne da bakin mahaifa. Ƙarshen hanji na bayanta. Jini na zuwa mata ta manyan jijiyoyi huɗu: biyu daga gefen ƙugu, hagu da dama, su ne jijiyoyin mahaifa, biyu kuma daga sama, waɗanda ke biyowa ta wurin ƙwai. Mahaifar da ƙari ya cika, jijiyoyinta kan kumbura su ninka kaurinsu, kuskure ɗaya sai jini ya cika ƙugu kafin a ƙifta ido. Sannan ga abin da ke hana kowane likitan mata barci, wato bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Siriri ne, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, yana ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar mahaifa a tazarar da ba ta wuce santimita biyu daga bakin mahaifa ba. Daidai wurin da dole a matse a ɗaure ke nan. Kuma ƙari ba ya barin komai a inda littafi ya ce yake. Wanda ya tsiro a gefe kan tura bututun can waje, ko ya ɗauke shi a bisa kansa, ko ya danne shi ƙasa. In an yanke shi ko an ɗaure shi ba a lura ba, ko ƙodar ta kumbura ta mutu, ko mace ta tashi da yoyon fitsari. Cibiyoyin gyaran yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina sun san cewa ba dukan masu zuwa musu ne doguwar naƙuda ta jawo wa ba. Wani kaso hannun mai tiyata ne.

Hanya uku ake bi a kai ga mahaifa: ta tsaga ciki, ta farji, wanda a asibiti ake sakayawa a ce ta ƙasa, ko ta 'yan ƙananan huji da kyamara. Gwani yana zaɓa ne da yatsunsa kafin hoto ya ce komai. Yana sa hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a mara, yana tambayar mahaifar abubuwan da na'ura ba ta cika amsawa ba. Tana motsi, ko ta kafe? In an tura ta sama tana tafiya, in an jawo bakinta tana saukowa? Tsawo ta yi ko faɗi? Wannan ta ƙarshe ta fi nauyi muhimmanci. Mahaifar mako 18 da ta yi tsiri sama ta bar fili a gefe ta fi sauƙin aiki a kan ta mako 12 da ta baje ta cika ƙugu bango zuwa bango, domin a gefen nan ne jijiyoyin suke, kuma in hannu bai kai gare su ba babu inda za a je. Sai ya duba tabon aikin haihuwa da aka taɓa yi mata, don mafitsara kan manne a wurin. Sai ya tabbatar babu alamar sankara, musamman idan jinin ya canza salo ko mace ta manyanta, ya ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifar a gwada. Sai ya kalli jininta. Macen da ta zo fari fat ba a gaggawar kwantar da ita. A ba ta sinadarin ƙarfe, wani lokaci a haɗa da allurar da ke tsayar da al'ada na wata uku, wadda kan rage girman mahaifar da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Wata ukun nan kaɗai kan mayar da aikin tsaga ciki ya koma aikin ƙasa.

Tsaga ciki ita ce hanyar da aka fi bi a asibitocinmu, kuma tarihinta cike yake da gawa. Charles Clay ya gwada a Manchesta a 1843, matar ba ta rayu ba. Sai a 1853 wani likita mai suna Burnham a garin Lowell na Amurka ya cire mahaifa ta ciki mai ita ta tashi, alhali ya shiga ne da zaton ƙarin ƙwai zai tarar. Yankan kwance a ƙasan mara, wanda ke warkewa da kyau ya ɓuya, Pfannenstiel na Jamus ne ya bayyana shi a 1900. Tsarin da ake koyarwa har yau kuwa, mataki bayan mataki, Edward Richardson na asibitin Johns Hopkins ne ya daidaita shi a 1929.

Wanda bai sani ba zai ɗauka wannan hanya ba ta bukatar fasaha tunda komai a buɗe yake. Ya je ya tsaya a bayan gwani ya gani. Da farko zai yanke shawarar yanka: na kwance in mahaifar za ta fito ta nan, na tsaye daga mara zuwa cibiya ko sama da ita in ta yi girman da na kwance zai zama wahalar banza. Sai ya murɗa wani ƙarfe mai lauje cikin ƙarin ya ɗago mahaifar waje, mataimaki ya riƙe ta a ɗame. Jan nan ba don a ga wuri kawai ba ne, yana nisanta jijiyar mahaifa daga bututun ƙoda. Sai ya yanke igiyar naman da ke riƙe mahaifa ta gaba, ya buɗe tantanin gefe, ya nemo bututun da idonsa. Yana gane shi ne don ba ya bugawa irin na jijiyar jini, in an ɗan taɓa shi sai ya yi wani motsi na kansa. Sai ya sauke mafitsara daga bakin mahaifa da bakin almakashi a hankali, ba da turin auduga ba in akwai tsohon tabo. Sannan ya tsiraita jijiyar mahaifa, ya ɗora awartakin tiyata a kanta manne da jikin mahaifar, ya yanka, ya ɗaure. Daga nan akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: kowane awartaki na gaba yana shiga ne ta cikin wanda ya gabace shi, tsakaninsa da mahaifa. Da haka duk abin da aka ɗaure yana faɗawa gefe, bututun ƙoda na ƙara nisa da wuƙa a kowane mataki.

In kuwa ƙarin a bakin mahaifa ya zauna ya toshe ƙugu, gwani ba ya kokawa da shi. Sai ya tsaga fatar da ta lulluɓe ƙarin, ya zura yatsa tsakaninta da shi, ya ɓare shi daga ciki ya fitar. Muddin yatsansa na cikin wannan kwanson, ba zai gamu da bututu ko mafitsara ba. Ƙarin na fita, sai komai ya koma mazauninsa, aikin ya zama irin wanda aka saba. Ladan wannan hanya shi ne babu girman da ya gagare ta. Farashinta kuma mace ce ke biya: kwana uku zuwa biyar a gadon asibiti, mako shida kafin ta ɗauki bokitin ruwa, ga haɗarin ciwon ya yi ruwa, musamman ga mai jiki ko mai ciwon suga.

Ni dai a wurina sarauniyar hanyoyin ita ce ta ƙasa, kuma ita ce mafi tsufa. Conrad Langenbeck ya yi ta a Jamus tun 1813, babu maganin barci, matar kuma ta rayu. A 1934 Noble Sproat Heaney na Shikago ya ba da rahoton aiki 565 da ya yi ta wannan hanya, har yau awartakin da ya ƙirƙiro da sunansa ake kiransa. Ba a taɓa fatar ciki ko kaɗan. Allurar baya ta wadatar, ba sai an sa mace barci ba. Likita yana zaune a kujera, ya kama bakin mahaifa ya jawo, ya zagaye shi da yanka, ya tura mafitsara sama ya tokare ta da wani lanƙwasasshen ƙarfe, ya buɗe tantanin baya. Tsaga ciki daga sama take saukowa, wannan kuwa daga ƙasa take hawa. Igiyoyin da ke riƙe bakin mahaifa su ne na farko, sai jijiyoyin mahaifa, tun aikin bai yi nisa ba.

To ga tambayar da kowa ke yi: ta yaya abu mai girman kan jariri, mai tauri, zai fito ta nan? Duk wanda ya taɓa fitar da gadon amarya daga ɗaki mai ƙaramar ƙofa ya san ba turawa ake yi ba, kwance shi ake yi a fitar da shi ɓangare-ɓangare. Sirrin yana cikin jerin aikin. Da zarar an ɗaure jijiyoyin mahaifa biyu, mafi yawan jinin da ke shiga cikinta ya yanke, ana iya yanka ta ba tare da ambaliya ba. Sai likita ya tsaga ta biyu daga baki zuwa sama, yana bin tsakiya daidai, inda jijiyoyi suka fi ƙaranci. Ya gamu da ƙari, ya kama shi ya murɗo shi waje. Ya gamu da wanda ya fi ƙarfin ƙofar, ya yanko shi gunduwa-gunduwa. In mahaifar ta kumbura ne bai ɗaya, kamar a adinomayosis, sai ya bi dabarar da wani likita mai suna Lash ya bayyana a 1941: ya riƙa zagaye naman ciki da wuƙa yana jawo shi, yana barin fatar waje, har mahaifar da ke dunƙule ta koma doguwa siririya ta sauko da kanta. Duk wannan da sharaɗi biyu. Wuƙa ba ta fita daga cikin naman mahaifa, domin bayan fatar nan hanji ne. Kuma ba a yanke gunduwa sai an riga an kama ta gaba da ita, in ba haka ba sauran ya zille ya koma sama, yana zubar da jini daga jijiyoyin ƙwai da ba a kai ga ɗaurewa ba tukuna.

A dā ana koyar da cewa mahaifar da ta wuce mako 12 ba ta bin wannan hanya, haka wadda ba ta taɓa haihuwa ba, haka wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa. Gwanaye irin su Shirish Sheth na Mumbai sun nuna waɗannan iyakoki na hannun likita ne fiye da na jikin mace. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta sake jaddadawa a 2017 cewa in dai za ta yiwu, hanyar ƙasa ce ta farko: ciwo kaɗan, zazzaɓi kaɗan, kwana ɗaya ko biyu a koma gida, kuma ta fi kowace arha. Kayan aikinta fitila mai kyau, awartakai, ƙarafan buɗe wuri, zare. In wuta ta ɗauke, fitilar goshi ta isa a ƙarasa. Abin mamaki shi ne a ƙasashen da suka fi bukatar irin wannan sauƙi, nan aka fi barinta ga matan da mahaifarsu ta zazzago kawai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin aikin ƙunci gare shi, mai yi kaɗai ke gani sosai, mataimakan biyu na tsaye a gefe sun ƙage, suna riƙe ƙarfe ba su ga abin da ake yi ba. Abin da ido bai gani ba wuyar koyo gare shi, malamin da bai iya ba kuma ba zai koyar ba. Alhali ƙasar da ta horar da masu gyaran yoyon fitsari, aikin da Kees Waaldijk ya shafe shekaru tun daga 1980 da 'yan kai yana koyarwa a Katsina da Kano, kuma kusan duka ta ƙasa ake yin sa, ba ta rasa hannayen da suka san wannan lungu ba.

Hanya ta uku ƙarama ce a shekaru. Harry Reich ne ya fara cire mahaifa da kyamara a jihar Pensilbaniya a 1988. Ana hura iskar kabon cikin ciki ya tashi, a karkata gadon kai ya yi ƙasa don hanji ya gangara ya ba da wuri, a huda wuri uku ko huɗu, kowane bai wuce santimita ɗaya ba ko ɗan sama da haka. Kyamara na nuna komai a allo, an ƙara masa girma ninkin-ba-ninkin, kowa a ɗakin yana gani, har ɗalibi. A nan ta fi hanyar ƙasa. In akwai mannewar hanji, ko ƙari a ƙwai, ko ciwon da ya liƙe bayan mahaifa, kyamara na gani, yatsa kuwa lalube yake. Da babbar mahaifa sai an yi wayo: a sa kyamarar sama da cibiya don ta sami tazara, a yi amfani da mai kallon gefe don leƙa bayan ƙari, mataimaki ya tura mahaifar sama daga ƙasa da wani ƙarfe mai ƙoƙo a baki. Wasu gwanayen ma kan bi jijiyar mahaifa har tushenta a bangon ƙugu su datse ta can tun farko, su ga mahaifar ta dusashe kafin su taɓa ta. Wanda ke yin haka yana aiki ne da dogayen sanduna, idonsa a allo, hannunsa bai taɓa naman ba, in ya kai hannu dama bakin sandar hagu yake zuwa. Ɗinki a haka kaɗai kan ci watanni ana koyo a akwatin gwaji. Na'urar tiyata mai suna da Vinci, wadda Amurka ta amince a yi aikin mata da ita a 2005, ta sauƙaƙa ɗinkin, amma bincike bai nuna ta fi kyamarar hannu amfani ga mai ƙari ba, sai dai ta fi tsada.

Matsalar kyamara ita ce fitarwa. An raba mahaifa mai kilo ɗaya da jiki, ga ta kwance cikin ciki, ƙofa kuma santimita ɗaya. Shekaru da dama ana amfani da wani injin mai juyawa da ke yanka ta sili-sili a zaro. Sai a Oktoban 2013 aka yi wa wata likita a Boston, Amy Reed, wannan aiki da zaton ƙari ne, ashe akwai wata muguwar sankara ɓoye a ciki, injin ya watsa ta ko'ina. Ita da mijinta suka tashi haiƙan, a 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 350 da ake yi wa aikin ƙari na iya kasancewa da irin wannan sankara ba a sani ba. Likitoci da yawa sun ce adadin bai kai haka ba, musamman ga masu ƙananan shekaru, amma kamfanin Johnson & Johnson ya janye injinsa daga kasuwa a shekarar. Amy Reed ta rasu a 2017. Yau mai hankali yana sa mahaifar cikin jaka tukuna, ya jawo bakin jakar ta cibiya ko ta ƙasa, ya yanka a ciki. Kuma in mace ta daina al'ada amma ƙarinta na ci gaba da girma, ba a gunduwa-gunduwa da shi ta kowace hanya. A tsaga ciki a ɗauke shi cif.

Ana yin aikin kyamara a wasu manyan asibitocin koyarwa da na kuɗi a Kano da Abuja da Legas, kuma yana yaɗuwa. Sai dai yana son wuta marar yankewa, tukunyar iska, cikakken maganin barci da ƙwararren mai ba da shi, da kayan da wasunsu sau ɗaya ake amfani da su. Ban ga laifin a so shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ƙanƙantar tabo ma'aunin gwaninta. Likitan da ya shafe awa biyar yana fama da kyamara a kan mahaifar da ta kai haƙarƙari, jini na tafiya, don kada a ce ya kasa, bai kai wanda ya duba minti goma ya ce a miƙo wuƙa a buɗe ba. Sauya hanya a tsakiyar aiki yana cikin aikin, shi ya sa tun a ofis ake gaya wa Hajiya da maigidanta cewa za a fara ta nan, amma in hali ya yi za a koma ta can, su sa hannu a kan duka biyun. Likitan da hanya ɗaya kawai ya iya, kowace mace da ta zo masa sai ya ga ta dace da wannan hanyar.

Akwai shawarwari biyu da ake yankewa tare da mai jikin. Na farko ƙwai. Mahaifa ba ita ke samar da sinadaran mace ba, ƙwai ne. In an bar su, al'ada ce kawai za ta ɗauke, amma zafin jiki da bushewa da raunin ƙashi na masu manyanta ba za su zo nan take ba, kuma zaman aure na nan yadda yake bayan an warke. Yawancin likitoci yanzu suna barin lafiyayyen ƙwai ga wadda ba ta daina al'ada ba, su cire bututun ƙwan kawai, domin an gano cewa da yawa daga mugunyar sankarar ƙwai a bakin bututun take farawa. Na biyu bakin mahaifa. Wani lokaci, in jini ya yi yawa ko mannewa ta yi tsanani, sai a yanke mahaifar daga wuya a bar bakin. Wadda aka yi wa haka dole a gaya mata, don gwajin sankarar bakin mahaifa bai faɗi a kanta ba.

Mahaifa na fita, saura rufewa, kuma nan ake gane mai haƙuri. Zai ɗinke saman farji, ya haɗa shi da igiyoyin da dā suke riƙe bakin mahaifa don kada ya zazzago bayan shekaru. Zai bi kowane ɗauri ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ya bushe. Mai kyamara zai rage iskar ya sake dubawa, domin matsin iska kan ɓoye ƙaramar jijiya mai tsiyaya. Zai kalli jakar fitsari: yana zuwa, kuma babu jini? In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya leƙa mafitsara da madubi ya ga fitsari na tsartuwa daga ƙoda biyun, domin raunin da aka gani a kan gado aka gyara nan take ba ɗaya yake da wanda aka gano bayan kwana goma ba. Nas ta ƙirga auduga da allura da ƙarafa da babbar murya, lissafi ya cika, sannan a rufe.

Abin da aka ciro kuma ba a zubarwa, ba a kuma miƙa wa dangi a leda su tafi da shi, ko da sun nemi a nuna musu. A auna shi, a rubuta nauyin, a sa shi cikin ruwan adanawa a aika ɗakin gwajin nama, inda wani likitan zai yanka shi fale-fale ya duba a madubin ƙara girma. Babu hoton da ke iya rantsuwa cewa ƙari ƙari ne kawai, sai wannan gwajin. Sakamakon kan ɗauki mako biyu ko fiye, shi ya sa ake ce wa mace ta dawo da takardar ranar da za a duba ɗinkinta, ko da tana jin ta warke sarai.